Ɗigon da Rifkatu ta sa a kan kabarin Baba

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanwata Rifkatu a Kafanchan. Malamar firamare ce. Masu bindiga ne suka tare motar da ta shiga a hanyar Kachia. Lokacin ban san ko harafi ɗaya ba. Yau ina ajin yaƙi da jahilci na cocinmu, kuma da hannuna nake rubuta wannan, a hankali.

Bayan an kore mu daga ƙauyenmu, Rifkatu ta shiga wani aiki da ni ban ga amfaninsa ba. Ta buɗe taswira a intanet, irin wadda ake ganin ƙasa daga sama, tana sa ɗigo a kan kowane gida, kowace rijiya, kowane kabari. In ka taɓa ɗigo da yatsa, ɗan akwati ya buɗe da bayani a ciki. Cewa take yi, ranar da daji ya cinye shingayenmu, wannan ne zai yi mana shaida.

Mu a bayan gidajenmu muke binne mutanenmu, ba a maƙabarta ba. Ran da aka binne Baba a ƙarƙashin wata ɗorawa tana makaranta a nesa, don haka da ta zo sa wa kabarinsa ɗigo, ni ta miƙa wa wayar.

"Yaya, wace ɗorawa ce a cikin biyun nan?"

Ban taɓa ganin itace daga sama ba. Duhu-duhu biyu kawai na gani. Kunya ta hana ni cewa ban gane ba, ga ƙanwata, ga matata a zaune. Na dangwala yatsa kamar yadda na saba yi a takardar zaɓe. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Ni na haƙa ramin, ke kuma ki tambaye ni?"

Bana na fara iya karanta akwatin. An rubuta: "Kabarin Baba. Yaya Bitrus ne ya nuna." Na matso da hoton, na bi rafin ƙauyenmu da ido. Ɗigon yana kan ɗorawar gidan maƙwabcinmu.

Kalmar sirrin da ake gyara taswirar da ita ta tafi da Rifkatu. 'Ya'yana ba su taɓa taka ƙauyen ba, ɗigon nan suke taɓawa su ce ga kakansu. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga har yau ba mu koma ba, gonakin cittarmu sun zama kurmi. Ina jin ba za ta yi kuka ba. Faɗa za ta yi mini, sannan ta gyara.

Sauran ɗigoginta daidai suke, dattawa sun duba. Wanda ta dogara da ni a kansa ne kaɗai ya kauce. Ba zan iya matsar da shi ba, amma yanzu na iya rubutu. Rifkatu, Baba yana ƙarƙashin ɗorawar gabas ne, wadda ke kusa da rafi. Ban gane hoton ba ranar nan.