Farantin Duba-gari

Mahaifina duba-gari ne, kuma a wannan aikin ya tsufa har ya yi ritaya. Wanda ya taso a garinmu ya san abin da hakan ke nufi. In aka hango hularsa a bakin layi, mata su hau kifar da randa, masu tuwo-tuwo su hau rufe tukwane. Su dai in ya wuce sun huta, mu kuwa da muke cikin gidansa ba mu da wurin gudu. In na gama shara, sai ya tuɓe takalmi ya bi ɗakin yana jan tafin ƙafa a ƙasa, ya tsaya cak a wuri ɗaya, ya duƙa, ya ɗago da ƙwayar yashi tsakanin yatsu biyu, ya nuna mini. Ba ya faɗa, ba ya duka. Wallahi da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Har na bar gidan ban taɓa jin ya ce na share da kyau ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya fara mantuwa. Ya ɗora buta a wuta ya tafi, ya fita masallaci ya kasa gane ƙofar gidansa. Yayana ya ɗauko shi ya kai shi asibiti a Gwagwalada, ni ma na bi su. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ciwon ba ya komawa baya, abubuwa za su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da mutum ya fi daɗewa yana yi shi ne yakan zama na ƙarshen tafiya. Ya ce mu lura da wannan, in ya tafi to mu san an yi nisa. Gidan Yaya a Masaka cike yake da yara, ni kuwa ni kaɗai ce a bene hawa na biyu tun da aurena ya mutu. Saboda haka Baba ya dawo wurina.

Na ce ni kaɗai, amma akwai kyanwa. Na ɗauko ta ne a lokacin da shirun gidan ya kusa haukata ni, kuma ba na jin kunyar faɗa, na shaƙu da ita. Tunda bene ne ba ta sauka ƙasa, sai na aje mata wata faffaɗar roba da yashi a lungun da ke tsakanin banɗaki da falo, a nan take biyan buƙatarta. Matsalar ita ce in ta shiga robar nan tona take yi kamar mai haƙar rijiya. Ta watso yashi waje, ta fito da wani maƙale a tsakanin yatsunta, ta bi gidan tana zubarwa a kan tayil. Ni ban taɓa damuwa ba, don kullum da silifas nake yawo a cikin gida. Tun ina yarinya na tsani jin ƙasa da tafin ƙafata, kuma na san wanda ya jawo mini.

Ranar da Baba ya iso, ko jakarsa ba a buɗe ba ya tuɓe takalmi. Taku huɗu ya yi a lungun ya tsaya. Ya duƙa da ƙyar, ya ɗago, ga ta nan a yatsunsa.

"Wannan fa?" in ji shi.

Na ce, "Yashin kyanwa ne, Baba."

Ya ce, "Ita kyanwa ba ta da laifi, jikinta mai tsarki ne. Amma abin da ya fito daga cikin robar can, kin san da me ya haɗu? A nan kike so in yi salla?"

Ya shiga kicin da kansa, ya zaro wani ƙaramin farin faranti daga cikin kayan shayin da nake ji da su, ya ɗora ƙwayar yashin a kai, ya aje a kan teburin da nake jefa makullin mota. Tun daga ranar farantin ya zama wurin ajiye shaida. In na dawo daga ma'aikata da yamma, na sha cunkoson hanya, kaina na sarawa, abin da ke fara yi mini sannu da zuwa shi ne farantin nan da ƙwayoyin yashi a jere, an daidaita su tsaf. Baba na zaune a kujera da carbi, ba zai ko dube ni ba. Sai can ya ce, "Oganki ta sake yin aiki yau." Haka yake kiran kyanwar, wai ita ce mai gidan, ni 'yar aikinta ce.

Raina yakan ɓaci, amma a ƙasan ɓacin ran akwai wani sanyi da nake ji. Mutumin da bai san ko yau Talata ce ko Juma'a ba, wanda ke tambayata sau uku ko ya ci abinci, ga shi ƙafarsa ba ta kuskure ƙwaya ɗaya. Na riƙa tuna maganar likita ina cewa a raina, muddin akwai yashi a farantin nan, Baba na nan.

Duk da haka na sha alwashin sai na ga bayan yashin. Akwai wata dattijuwa a ƙasan benenmu, mutuniyar Karshi, mai sayar da doya a bakin get, ita ke hawowa ta ba Baba abincin rana in ina wurin aiki. Da na kai mata kuka sai ta kawo mini tabarmar kaba daga kasuwar garinsu.

Ta ce da irin Hausarta, "Ki sa shi a gaban roban. Wannan tabarma yana da ƙarfi, mage ba zai iya yaga shi ba."

Kwana uku kyanwar ta yi ta mayar da gefen tabarmar zare-zare. Yashin kuma ya bi ta ramukan saƙar ya taru a ƙasa, in ka ɗaga sai ka ce an yi tankaɗe. Daga nan, wata ranar da na je gaida Yaya, na tsaya wurin masu kayan mota a Masaka na sayi baƙar shimfiɗar roba irin wadda ake sa wa a ƙasan mota, mai layi-layi. Wannan ta kama yashi sosai, sai dai oga ba ta son jin ta a ƙafa, tsallake ta take yi ta dira a kan tayil. Na koma waya na yi ta bincike har na samo wata da aka yi musamman don wannan aiki, mai hawa biyu, samanta ramuka kamar saƙar zuma, yashin ya faɗa ciki ya tsaya a hawan ƙasa, in ya taru ka buɗe baki ka juye. A ƙarshe na jera su duka ukun a lungun, ɗaya na bin ɗaya, yadda duk tsallenta sai ta taka biyu. Baba ya tsaya ya dube su ya ce, "Saura ki ɗauko mata 'yan sanda masu jiniya."

Washegari na dawo na tarar da ƙwaya biyar a faranti.

A ranar ne na yi abin da har yau yake ci na. Na jefar da jaka na ɗaga murya na ce, "Baba, gidana ne fa! Na gaji! Ba a garinku muke ba, ba wanda ya ɗauke ka aikin duba-gari a nan!" Ya aje carbin ya dube ni sosai, da idon nan nasa na da, ya ce, "Gidanki ne, shi ya sa nake nuna miki. Da gidan wani ne da takarda zan rubuta." Na shige ɗaki ina huci. Na kira Yaya, shi kuma ya ce, "Haba, ke ma dai. Just give the cat out mana, ki bayar da kyanwar ki huta, shi ma ya huta." Na kashe wayar. Da na san wannan ne karo na ƙarshe da Baba zai mayar mini da magana daidai wa daida, da na zauna na ja faɗan har magariba.

Daga nan ƙwayoyin suka fara raguwa. Yau uku, gobe biyu, wata rana ɗaya tal a tsakiyar faranti. Rannan na dawo na tarar da shi fari fat. Na tsaya da makulli a hannu ina kallo, sai na ji dariya ta kama ni. Na ɗauki hoton farantin na tura wa Yaya, ya rubuto mini, "Congrats, kin kayar da duba-gari." Na yi wa dattijuwar nan albishir cewa tabarmar da na samo ta waya ta yi aiki. Ta dube ni kamar za ta ce wani abu, sai ta ce, "To, Allah ya sa."

Kusan mako uku na yi ina wannan murna, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na ga alamu. A cikin kwanakin ne ya fara tambayata ina mahaifiyarmu ta je ta daɗe haka. A cikinsu ne ya sa rigarsa a bai-bai ya ƙi a gyara masa, ya daina cewa oganki, in kyanwar ta hau cinyarsa sai ya yi ta shafa ta yana kallon bango. Maganar likita tana nan a kunnena. Amma na fi son in yarda cewa ni ce na yi nasara, don na shekara arba'in da 'yan kai ina neman faranti marar komai daga hannun mutumin nan.

Wata Asabar da hantsi na fito daga wanka sai igiyar silifas ɗina ta tsinke. Na cire ɗayan ma na taho ba takalmi. Na wuce tabarma ta farko, ta biyu, ta uku, na sa ƙafa a kan tayil, sai na ji shi. Yashi ne, ba ƙwaya ɗaya ba, ba biyu ba. Na ci gaba da tafiya ina jan ƙafa yadda yake yi, ina jin sa a ƙofar kicin, a tsakiyar falo, a gaban talabijin, har gefen sallayar Baba. Tabarmin sun rage shi, amma ba su taɓa hana shi ba. Yana nan inda yake kullum, wanda ke tsince shi ne ya daina.

Na zauna a hannun kujera da tawul a jikina. Baba na gefe yana murza carbi ba tare da bakinsa na motsi ba. Zuciyata ta ƙi yarda. Na ce wataƙila ƙafarsa ce ta yi kanta, wataƙila ƙwayoyin sun yi masa ƙanana. Na sa kaya, na naɗe tabarmin nan uku na fitar da su baranda. Na buɗe sabon buhun yashi, wanda kyanwa ba ta taɓa ba, don ko a cikin haukana ina tsoron Allah, na cika hannu biyu na watsa a lungun tun daga ƙofar banɗaki har bakin falo. Ko makaho ya taka wannan sai ya sani.

Da aka kira azahar na kai shi ya yi alwala, ina tuna masa abin da ke bin wani. Sai na sake shi na koma ƙarshen lungun na tsaya. Ya taho a hankali, hannu ɗaya a bango, ƙafafunsa jiƙaƙƙu, yashin na manne musu, ina jin ƙarar kowane taku. Addu'a nake yi a raina, Allah ka sa ya tsaya, Allah ka sa ya zage ni, ya ce ni ƙazama ce, ya ce uwata ba ta koya mini komai ba.

A tsakiyar lungun ya tsaya. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa, ya ɗago ya dubi bango, ya dubi labule, sannan ya dube ni ya yi murmushi irin wanda ake yi wa mai masauki.

Ya ce, "Hajiya, gidan nan naki akwai tsabta. Wa ke yi miki shara?"

Da ƙyar na ce, "Ni ce, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Iyayenki sun iya tarbiyya. Allah ya yi musu albarka."

Maganar da na yi ta jira tun ina da tsayin tsintsiya ke nan, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamarta ba. Ban yi kuka a gabansa ba, don kuka na tsorata shi. Na zaunar da shi a kujera, na ɗauko tsumma mai tsabta da ruwa a kwano, na durƙusa na goge masa tafin ƙafa har tsakanin yatsu, yana ta yi mini godiya yana cewa in daina wahalar da kaina a kan baƙo.

Na share lungun, na mayar da tabarmin wurinsu. Suna nan har yau, ina juye su safe da yamma, ban kuma sayi wani silifas ba. Kafin kowace salla nakan bi gidan ina jan ƙafa daga banɗaki zuwa sallayarsa, in na ji ƙwaya in duƙa in ɗauka in ɗora a farantin. Wani lokaci nakan kai masa har gabansa in riƙe, in ce, "Baba, dubi abin da na samu." Yakan duba, ya dube ni, ya ce ya ƙoshi.