Dolor Saliba da Ƙafar Yayanta

Duk wanda ya sauka daga tsibirin Malta ko na Gozo ya nufo unguwar St Albans da ke Melbourne, kafin ya gama raba tsaraba sai an tambaye shi, "Ka je wajen Dolor tukuna?" Ita ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa zama kan kujerar ofis ba. Shekara ashirin da takwas ta yi a ɗakin wankin wani asibitin gwamnati a yammacin Melbourne, tana ware zannuwan gado tana ninkewa. Har yau hannayenta jajaye ne, kamar ta wuni tana matse tumatir.

Tana da shekara goma sha tara ta zo, a jirgin ruwa, ta biyo mijinta Wenzu da ya riga ta da shekara biyu yana aiki a masana'antar taraktoci. Su biyu suka gina gidansu a ranakun Asabar, shi yana jera bulo ita tana kwaɓa siminti da ciki a gaba. 'Ya'ya huɗu suka haifa. Da Wenzu ya rasu ya bar mata inabi a kan rumfa, da ɓaure biyu, da kejin zomaye da ya fi ƙarfin tukunyar mutum ɗaya.

A asibitin ta koyi abin da ya sa ake nemanta. Wata rana aka kawo wata tsohuwa 'yar garin Mosta na Malta da ta zo ganin jika ta faɗi a banɗaki. Kwana biyu 'ya'yanta suka ajiye ta a gida da karyayyen ƙugu suna shafa mata man zaitun, don tsoron abin da za a caje baƙuwa. Aka kira Dolor daga ɗakin wanki ta yi tafinta, a nan ta ji da kunnenta cewa akwai yarjejeniya tsakanin ƙasar nan da Malta. Ɗan Malta da ya zo ziyara, in ciwon da ba zai jira komawa gida ba ya same shi, asibitin gwamnati zai duba shi kamar ɗan ƙasa, har wata shida daga ranar da ya sauka. Ban da haƙori, ban da tabarau, ban da motar asibiti, ban da aikin da mutum ya shirya tun daga can ya zo a yi masa.

Dolor ba ta iya karatu ba, amma abin da ya shiga kanta ya shiga. Daga ranar, duk baƙon da ya sauka a unguwa, makon farko za ta bayyana a ƙofa da baƙar jakarta. Fasfo a jaka, baƙo a gaba, sai tashar bas, sai ofishin Medicare, hukumar inshorar lafiya ta gwamnati, a yi masa kati. In an dawo ta ɗauki jan biro ta zagaye rana a kalandar coci da ke bayan ƙofar kicin, ranar da wata shidansa zai cika. Lamba dai ta san ta. Akwai masu cewa ta cika shisshigi, kuma gaskiyarsu ne, sai dai ba a taɓa jin sun faɗa a ranar da suke buƙatarta ba.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta, shi ne yayanta Kelinu.

Kelinu ya girme ta da shekara bakwai. Tuzuru ne, masunci a ƙauyen Marsalforn da ke Gozo, yana ɗan noman albasa in teku ta ƙi. Bai taɓa hawa jirgin sama ba sai da Tessie 'yar Dolor ta saya masa tikiti ta yi masa barazanar za ta zo da kanta ta ɗauko shi. Ya jira aka gama bikin coci na Santa Marija, ya sauka ran biyu ga Satumba, da niyyar zama har bayan Ista.

"Gobe da safe za mu ofis," in ji Dolor, tana zuba masa naman zomo.

"Wane ofis?"

"Na katin asibiti."

"Ke, Dol! Ni da na ɗauke ki a wuya kina zubo mini majina a ka, yau ke za ki ja ni ofis kamar akuya? Shekara saba'in da ɗaya ban taɓa kwana a asibiti ba."

"Ai masu irin wannan maganar su ne suka fi ɓata mini zannuwa."

"Sunana ba zai shiga littafin gwamnatin wasu ba. Ta can ma da ƙyar na yarda."

Ta sake tayar da maganar sau biyu, ya kai ga cewa a mayar da shi filin jirgi. Matar da ta taɓa jan wani tsohon ɗan sanda zuwa ofis yana kumbure-kumbure, sai ga shi ta sassauta wa yayanta. Ta zagaye ranar a kalanda kawai ta bar shi.

Kelinu ba ya sa takalmi sai zai shiga coci. Tafin ƙafarsa ya yi kaurin tayar mota. Haka ya wuni cikin lambu wata huɗu, ya gyara keji, ya yi wa inabi aski, yana zagin ƙasar wurin wai laka ce ba ƙasa ba. Bayan Kirsimeti ya ce Tessie ta kai shi bakin teku a Altona. Washegari ma haka. Da ta gaji ya koyi hawan jirgin ƙasa da kansa, kullum da hantsi ya tafi. Maƙwabta da suka gan shi suka ce yana samun dutse ya zauna, ya naɗe wando, ya tsoma ƙafafu cikin ruwa sa'a guda yana kallon nesa. Dolor ta ɗauka kewar gida ce. Har tausayinsa ta ji, ta riƙa ƙunsa masa burodi da tumatir da mai.

Ran shida ga Fabrairu aka tashi da zafin da ke narka kwalta. Tana ware wanki a bayan gida sai ta ci karo da safa, guda ɗaya, an cusa ta cikin aljihun wandonsa. Ta tsaya. Tun yaushe Kelinu ya fara sa safa, a wannan zafi? Ta juya ta, ta dubi bakin yatsun, ta kai hanci. Shekara ashirin da takwas ta yi tana ganin irin wannan tabon, ta san na jini, ta san na mugunya, ta kuma san wanda daga shi sai ɗakin tiyata.

Yana ƙarƙashin ɓaure yana gyara tiyon ban ruwa, takalmin coci a ƙafarsa.

"Cire."

"In cire me?"

"Takalmin da safar. Ko ka cire ko in ɗauko almakashin inabi."

"Ba ki da aikin yi ne?"

"Kelin, wallahi zan kira matan layin nan kaf su danne mini kai."

Ya cire. Babban yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, ja ya hau har idon sawu, ƙafar ta kumbura tana sheƙi. Wayar keji ce ta soke shi tun kafin Kirsimeti.

"Ko zafi ba ya yi," in ji shi.

Wannan ce ta fi tayar mata da hankali. Ta san irin mutanen da ƙafarsu ke ruɓewa ba sa ji.

"Wato magani kake zuwa yi a Altona."

"Tekunku ce ba ta da gishiri. A Marsalforn kwana uku ya ishe shi. Ƙugiya ta taɓa huda mini hannu nan zuwa nan, wa ya kai ni asibiti?"

"Lokacin kana da shekara talatin, tsohon banza! Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya juya kai yana kallon bangon gidan. Da ƙyar ta zaro maganar. Kafin ya taho, wani Salvu ya gaya masa a dandalin coci cewa wani ɗan garin Nadur ya kwanta ciwo a gidan ƙanwarsa a ƙasar waje, asibiti ya ci gidan ɗungurungum.

"Gidan da Wenzu ya gina da hannunsa," in ji Kelinu. "Ba a kaina ba."

"Salvu mai sayar da ƙanƙara? Wanda ko Valletta babban birninmu ba ya zuwa sai an riƙe masa hannu? Na san labarin, na san matar. A Detroit aka yi, jaki, a Amerika! Ka ga nan ta yi maka kama da Amerika?"

Tessie ta baro aiki ta zo. Tana ganin ƙafar ta ɗauki waya za ta kira motar asibiti, uwar ta riƙe hannunta.

"Wannan ba ta cikin yarjejeniya. Mutumin da ya iya zuwa Altona zai iya zuwa bakin ƙofa. Juyo da motarki."

"Kawu, ina fasfonka?" in ji Tessie.

Yana cikin gwangwanin biskit, a naɗe cikin singileti, ƙarƙashin gado.

A asibiti matar da ke karɓar marasa lafiya ta buɗe fasfon tana neman hatimin sauka. Kafin ta fara lissafi Dolor ta ce, "Saura kwana ashirin da huɗu." Matar ta ƙirga a kalandarta, ta ɗago ta dube ta, ta ci gaba da rubutu. Rashin katin bai hana a karɓe shi ba, Tessie ta bi takardun daga baya.

Likitar yarinya ce, ba ta kai Tessie ba. Ta duba, ta sa aka ɗibi jini, ta dawo ta yi bayani, Dolor tana juya wa yayanta. Yana da ciwon suga, ya daɗe da shi bai sani ba. Yatsan dai ya tafi, yau za a cire. Ƙafar kuma sai an gani. Likitar ta zaro biro ta zana layi a fatarsa daidai inda jan ya tsaya. In cikin kwana uku ja ya sauka ƙasa da layin, ƙafa ta tsira. In ya haura, za a yanke daga ƙarƙashin gwiwa.

"Me ta ce?"

"Ta ce kai wawa ne."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Sauran bayanin yadda aka yi ka zama wawan ne."

Sai ta zauna a gefen gadon ta faɗa masa duka, ba ta rage ko kalma ba. Kelinu ya ce, "Mai ƙafa ɗaya ba ya tsayuwa a kwalekwale."

"Na sani."

Aka cire yatsan da yamma, aka ɗaura masa ƙarin ruwa da magani. Kullum da safe Dolor ce ta farko a ƙofar ɗaki, ko gaisuwa ba ta yi sai ta ɗaga zanin ta ga layin. Rana ta farko ja yana nan kan layi. Rana ta biyu ta ga kamar ya taɓa shi ta gefe guda, ta fita baranda ta tsaya minti goma, ta dawo tana faɗan yadda yaran yanzu ke ninke zanin gado. Rana ta uku ta auna da yatsanta. Tsakanin ja da biro akwai faɗin yatsa guda na fata mai launin mutum. Ta kira nas ta gani, nas ta kira likita.

Kwana goma sha biyu ya yi aka sallame shi. Amma ramin yatsan yana son wanki da sabon bandeji har kusan wata biyu, ga kwana goma sha biyu kacal ya rage a wata shidansa. Tessie ta ce su huɗu 'ya'yan Dolor za su haɗa su ɗauki nauyin sauran. Kelinu ya ji daga ɗaki, ya ɗaga murya ya ce ranar da aka fara biya masa ranar zai daina zuwa, kowa kuma ya san zai aikata. A Gozo kyauta za a yi masa, likita ta ce zai iya hawa jirgi in an ɗaga ƙafar. Sai dai a can shi kaɗai ne a gida, kuma daga ƙofarsa zuwa ruwa taku ɗari biyu ne.

"Ma, wa zai sa masa ido?" in ji Tessie.

"Saya tikiti biyu."

"Ke da kika ce jirgin sama akwatin gawa ne mai taga?"

"Har yanzu haka na ce. Saya."

Suka tashi ran ashirin da bakwai ga wata. Mako bakwai ta yi a Marsalforn. Kujera ta ajiye a bakin ƙofa ta zauna da saƙarta, in zai fita sai ya bi ta gabanta ta ga takalmi. Ta kwashe sukarin gidan ta ba maƙwabciya. Ta je dandalin coci ta samu Salvu a gaban jama'a ta yi masa bayanin inda Amerika take. Nas tana zuwa wankin ciwo sau uku a mako, Dolor tana tsaye a kanta. Ranar da nas ɗin ta ce ya rufe, Dolor ta danna wurin da babban yatsanta, ta duba bandejin a hasken taga, sannan ta yarda.

"Yanzu sai ki koma ki bar ni in huta," in ji Kelinu.

"Jibi in Allah ya so. Kana tsammanin daɗin zama da kai nake ji?"

Ya raka ta har jirgin ruwan da ke tsallakawa Malta, yana ɗingishi kaɗan cikin takalmi. Ya ƙara shekara tara a duniya, yana fita kamun kifi in teku ta kwanta, kuma da ƙafafunsa biyu aka binne shi.