Yadda Aka Tafi da Habsa Teyatur

Tun Habsa tana ƙarama a Filinge, ba mai wucewa ta ƙofar gidansu ba ta ɗauke tafiyarsa da muryarsa ba. Uwarta Kubura ta sha kwaɓarta, amma ita ma takan juya baya ta yi dariya.

Zamanin mulkin soja, da samariya, ƙungiyar matasa, ta yi ƙarfi, sai Kailu sarkin samari ya sa Habsa cikin masu wasa. Rannan ya zo ya shaida wa Kubura za a tafi da ɗiyarta Yamai teyatur. Kubura ba ta san kalmar ba, ta je ta tambayi wanta Tahiru, wanda ya daɗe yana cin rani a Sakkwato. Tahiru ya riƙe baki, ya ce a can tiyata ita ce likita ya tsaga cikin mutum.

Kubura ta tura Habsa ɗaki, ta zauna bakin ƙofa. "Lahiyatta lau," in ji ta. "Ba mai taɓa min cikin ɗiya."

Habsa ta yi ta rantsuwa daga ciki cewa wasa ne kawai, ba a saurare ta ba, sai da Kailu ya ɗauko Idi malamin lakwal, wato makarantar boko. Idi ya ce kalma ɗaya ce ta biyo hanya biyu, asalinta kuwa wurin da ake zama a yi kallo. A Najeriya ta manne wa ɗakin fiɗa, domin a da ɗalibai kan zauna su kalli likita yana aiki. Nan kuwa Faransawa suka kawo ta da ma'anar wasa. Kubura ta ce ashe kwaikwayo ne, irin wanda su ma suka yi a dandali suna ƴan mata. Ta yarda, amma Tahiru zai yi rakiya.

A gasar da aka yi a Yamai, ƴan Filinge ba su ciyo kyauta ba, sai dai Habsa ta fito a mai fura mai yawan tsegumi, har sojan da ke gadin ƙofa ya jingine bindiga yana share hawaye don dariya.

Bayan soja sun sauka, samariya ta watse. Habsa ta yi aure, ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli, amma ba ta ajiye wasa ba. Da aka buɗe rediyon gari, ita aka fara nema. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, sai ƴan mata su zo har daga garin Damana ta koya musu. Takan ce su fara da zuwa rijiya su saurari yadda mata ke faɗa.