Na shiga gasar iyo, keke da gudu da masassara a jikina

Gaisuwa gare ku masu wannan mujalla da masu karanta ta. Lokacin da abin nan ya faru ni malamin lakkol ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye na ƙasar Buza, can wajen Tabotaki, shekaruna sun ɗan haura talatin, ina da mata, ba mu kai ga haihuwa ba tukuna. Zama bai taɓa karɓa ta ba. A Yamai na yi karatu, can na koyi iyo bakin kogi, na saba da fita kullum, sai ga ni a garin da in anka tashi daga lakkol babu abin yi sai zama gindin bedi ana shan shayi har magariba. Ni kuwa kafin a zuba kofi na biyu ƙafata ta fara rawa. In na zauna in tashi, in na tashi in rasa inda za ni. Mutanen gari suna kira na Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakkol da Faransanci, suna tsokana ta wai cinnaka ya shiga wandona.

A wayar salula na fara ganin gasar nan mai hawa uku da ake ce ma tiriyatlon, wadda mutum zai yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya kama gudu, ba hutu tsakani. Tun ranar hankalina bai sake kwantawa ba. Na gyara tsohon kekena, kullum bayan asuba ina bisa hanyar jar ƙasa, in hau dutse in gangara kwari, da marece kuma in yi gudu gefen gonaki. Da damana ta cika tabkuna sai na riƙa zuwa iyo. Abokina guda ne a wannan hauka, likitan ɗan asibitin garinmu, sa'ana ne, shi ma mai son motsa jiki, sai dai ya fi ni natsuwa nesa ba kusa ba. Shi ya kawo mini labarin cewa wasu ƴan ma'aikata na Keita da Madawa sun haɗa kai za su shirya ƴar gasa irin wagga a bakin wani tabki na ƙasar Keita, ƙarshen damana, kafin a koma lakkol. Babu wata kyautar kirki, kofi ne da riga. Amma ni ji na yi kamar duniya duka za ta taru ta gan ni.

A lokacin matata tana da ciki, ya tsufa amma da sauran lokaci. Ba ta taɓa hana ni ba, sai dai takan ce ita ba ta gane gudun da ba kora ba. Ana sauran ƴan kwanaki gasa masassara ta kama ni, irin mai sa haƙora su riƙa haɗuwa da tsakar rana. Abokina ya gwada jinina, ya ba ni magani, ya ce in cire gasar nan daga raina, jikin da ke faɗa da masassara ba a ƙara masa wani faɗa. Na ce to. Kwance nake amma zuciyata tana bisa keke. Ina juyi bisa tabarma, ina tuna duk safiyar da na hana kaina barci, ina tuna dariyar da za a yi a majalisa in anka ji Mushe ya ja da baya. Da zafin jikin ya ɗan sauka na ce masa na warke sarai, har na yi tsalle gabansa. Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Ranar gasa da sassafe, muna bakin tabki, na ji ƙarfi ya ƙare mini, na nemi wuri na zauna. Wani ɗan kabu-kabu da ya kawo ƴan kallo ya lura da ni, ya matso ya ce yana da abin da zai tsayar da ni tsaye, wanda masu noma ke sha su wuni ba su ji komai ba. Ƙwayar Tramol ce. Na san shi, har wa'azi nake yi ma manyan ɗalibaina a kansa. Na karɓa na haɗiye, da na ga bai yi aiki nan take ba na ƙara, bisa cikin da ba komai ciki sai shayi.

Iyon ya zo mini da sauƙin da ya ba ni mamaki. Ruwan ja ne, da sanyi, na tsaga shi har tutar da anka kafa na dawo, na fito cikin na gaba-gaba. A kan keke kuwa sai na ji ni ba ni ba. Hawan dutsen da ke sa ni haki na haye shi ina dariya, na wuce abokina bisa nasa keken yana ɗaga mini gorar ruwa yana ihu in sha, na yi masa hannu na wuce. Ba na jin ƙishirwa, ba na jin zafin rana, ba na jin ƙafafuna. Abu ɗaya na lura da shi, zufa ta daina fito mini, fatata ta bushe kamar ƙirgi, amma na ɗauka alamar ƙarfi ce.

Hanyar gudu ta ratsa ta cikin gonaki ne, an ɗaura jajayen tsummoki jikin itace don kada a ɓata. Gero ya fi mutum tsawo, ya yi kai, iska ba ta shiga. Na yi nisa kaɗan sai tsummokin sunka fara yi mini biyu-biyu, can kuma na daina ganinsu. Ban tsaya ba. Ina jin tafi da guɗa ta hagu in nufi hagu, in ji su ta dama in juya, ashe babu kowa, cikin kaina ne. Ganyen gero yana yankar fuskata, ina kiran abokina, muryar ba ta fita. Na tuna na ga wani kwari da ruwa ya zaizaye gabana, na ce bari in tsallake. Daga nan ban san komai ba.

Sauran labarin ba ni anka yi. Wani dattijo mai gona ya tarar da ni ƙasan kwarin bayan azahar, kafaɗa ta goce, baki duk jini don na tauni harshena wurin farfaɗiya. Shi da ɗiyansa sunka ɗora ni bisa amalanken jaki har bakin hanya, inda abokina, wanda ya bar gasar tun da ya ga ban iso ba, yake ta yawo bisa moto, wato babur, yana nemana. Daga asibitin Keita anka wuce da ni na Tawa, don fitsarina ya koma kalar shayi, daga baya ma ya ɗauke. Likitoci sunka ce ƙodata ce ta ji jiki, masassara da ƙwaya da rashin ruwa sun taru sun murƙushe ta.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Kafin gaskiya ta isa garinmu ƙarya ta riga ta. Wani da ya dawo daga kallo ya shiga gari yana cewa an tsinci gawar Mushe cikin gona. Matata tana tsakar gida tana tankaɗe ta ji kukan maƙwabta. Nan take naƙuda ta kama ta, lokaci bai yi ba, likitan garin kuma yana can tare da ni. Tsofaffin mata ne sunka tsaya kanta har anka samu motar da ta kai ta Buza. Allah ya raya yaron, ɗan mitsitsi, ita kuma ta zubar da jini har sai da anka ƙara mata. Ranar suna ina kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, yayana ne ya tsaya a madadina. Da anka sallame ni na dawo gida ba ta yi mini faɗa ba. Miƙo mini yaron ta yi, ta ce: "Malam, riƙe shi da kyau, bai da nauyin keke." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yau ƙodata tana aiki amma da lallashi, an hana ni abubuwa da yawa, harshena kuma ya warke da tabo, wasu kalmomi ba sa fita daidai, ɗalibai na baya sai sun ce in sake. Rashin natsuwar nan bai bar ni ba, har yanzu in na ga hanya ta miƙe sai ƙafata ta motsa, sai dai na koyi zama da shi. Bayan girbi na je yi ma dattijon nan godiya. Ya ce mini da ya gan ni bai yi zaton da rai ba, har ya cire rawaninsa ya rufa mini fuska ya fara salati, sai ya ga yatsan ƙafata yana motsi.

Ban rubuto don in hana kowa wasan motsa jiki ba, abu ne mai kyau, ni na ɓata nawa. Amma ƴan uwana matasa, in likita ya ce ku kwanta ku kwanta, kuma kada ku karɓi ƙarfin da ke cikin ƙwaya, ciwon yana nan, kunnen da za ka ji shi da shi ne take toshewa. Dariyar majalisa da nake tsoro ba ta wuce wuni guda. Kuma kafin ka jefa jikinka inda ka ga dama, ka tuna ba kai kaɗai ke da shi ba, akwai wadda in ka faɗi can cikin daji, ita ma za ta faɗi a tsakar gida.