Jakin da Baba ya hana a sayar

Ina koya wa jikokina karatu ɗazu, sai wani jaki ya ɓarke da kuka a bayan gida. Suka kwashe da dariya, ni kuwa na tuna Baba, Allah ya jiƙansa.

Zamanin Turawa, Baba mahayin dokin sukuwa ne a Haɗeja. Da aka kai shi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama, sai aka ba shi kula da alfadaran dako. Ya dawo, amma ba ya ba mu labarin can.

Ina yaro, muna da jaki mai ɗauko mana shinkafa daga fadama, ga kukan tsiya. Rannan Inna ta gaji.

"Maigida, a kai jakin nan kasuwar Kafin Hausa. Ya ishe mu!"

Baba ya daɗe yana shafa wuyansa.

"Uwargida, a can yanke wa alfadaranmu murya aka yi, don kada abokan gaba su ji mu. Nawa ya mutu yana buɗe baki, ba sauti. Bar wannan ya yi kukansa."

A gidanmu jakin ya tsufa.

Ku fa, wane sauti ke tuna muku da iyayenku?