Ranar da Na Je Kallon Tseren Ƙanena

Mun tashi daga Clichy-sous-Bois, unguwarmu a gefen Paris, ana idar da sallar asuba ranar Lahadi, ni da mai ɗakina da wani abokina ɗan Maraɗi, shi ne mai motar. Lyon muka nufa, wajen ƙanena. Shekara goma sha biyu yana tseren mota ban taɓa leƙawa ba. Wannan karon ya aiko cewa daga wannan tseren zai ajiye, mai ɗakina kuma ta kafe sai mun je.

Gara ku ji gaskiya tun daga nan. Ni na ɗauko shi daga Damagaram don ya yi karatu. Ya watsar da lekol ya shiga garaji, daga garaji ya faɗa tseren tsofaffin motoci, irin wanda ake bangazar juna da gangan. Na ce masa ya zubar da mutuncin gidanmu, kada ya ƙara tako mini ƙofa da ƙaurin baƙin mai. Bai ƙara ba kuwa.

Hanya sumul take, ga fararen shanu, can gaba ga gonakin inabi har iyakar gani. Sai dai duk inda muka iske shingen biyan kuɗin hanya, abokina sai ya ja tsaki. A wurin hutawa muka tambayi kuɗin kafe, wato gahawa, muka ji zai ciyar da mutum yini guda a gida. Muka koma mota da mutuncinmu, muka buɗe dambu da kopton zogalen da mai ɗakina ta ƙunso.

Da azahar muka isa. Filin yana bayan gari, jar ƙasa ce an kewaye ta da tsofaffin tayoyi. Motocin ba gilashi, ba fitila, an ɗaure su da ƙarafa ciki da waje. Na zauna kusa da wani dattijon Bature. Ina duba rigarsa sai na ga lambar motar ƙanena, ashirin da bakwai, a ƙasanta kuma sunan mahaifinmu. Na waiga, masu irin rigar sun fi ƙarfin ƙirga.

Da dattijon ya ji ni wan mai lambar ne, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya shiga ba ni labari kamar muna tuna abin da muka gani tare: yadda ƙanena ya fara da motar da aka jefar, yadda ya kife a tserensa na farko ya karye a kafaɗa, ya dawo ya ci kofin yanki sau uku, na ƙasa sau biyu. Ya ce, "Ranar da ya ci cikin ruwan sama da taya uku fa, kana ina zaune?" Na ce aiki ya riƙe ni. Mai ɗakina ta sunkuyar da kai.

Aka saki motocin. Ƙara kamar aradu. A zagaye na ƙarshe wata shuɗiyar mota ta daki ƙanena a gefe, tasa ta tashi bisa ƙafa biyu, na ce shi ke nan. Ta dawo ƙasa, ya ratsa tsakanin motoci biyu ya wuce. Sai ji na yi ina tsaye ina ihu, "Taka mata! Taka!"

Bayan an ba shi kofi ya hango mu. Ya cire hular kwano, na ga furfura a kansa. Ban san ya yi furfura ba. Gaban jama'ar nan duka ya durƙusa ya ce, "Yaya, kun sha hanya. Ina gajiya?" Tun daga Paris nake shirya maganar da zan yi masa, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Motar nan tana shan man isansi da yawa?" Ya yi dariya ya ce, "Sosai, Yaya."

A gidansa na unguwar Les Minguettes muka sauka, hawa na tara. Matarsa ta cika mu da shinkafa da miyar gyaɗa. Kofuna jere bisa kabad. 'Yarsa mai shekara bakwai ta dube ni, ta tambayi uwarta da Faransanci wane ne wannan baƙon. Na ajiye lomar da ke hannuna.

Washegari muka juyo, hira ta ƙi daɗi har muka shigo Paris. Ina shiga gida na kira Innarmu a Damagaram, don akwai wata ƙarya da na daɗe ina yi mata: cewa nake ƙanena injiniya ne a kamfanin motoci. Na kwashe gaskiya na faɗa mata. Sai ta ce, "Ai na sani. Duk kofin da ya ci sai ya turo mini hoto. Shi ya roƙe ni kada in nuna maka, don kada ka ji nauyi."

Abin da na koya ke nan: shekara goma sha biyu ina jin kunyar ƙanena, ashe shi ke rufa mini asiri. Na kira shi na roƙi gafara. Ya ce, "Haba Yaya," daga nan cikinmu ba wanda ya iya kashe wayar.