Ranar da Kawu Sidi Bai Jira Idon Direba Ba

Ina tsaye cikin gonar albasa a bakin kogi, bayan la'asar ɗin Talata, maƙwabcinmu ya iso da gudu ko takalmi babu. Ya ce Kawu Sidi ya rasu a hanyar Sinnar, manyan motoci biyu sun matse shi tare da babur ɗinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙanen mahaifiyata ne, shi ya koya mini hawan babur. Ya haura shekara ashirin yana zirga-zirga tsakanin garinmu Mai Wurno da birnin Sinnar, yana ɗauko wa mutane magani da takin zamani, wani lokaci har ungozoma. Duk mai babur a nan yana ratsawa tsakanin motoci idan hanya ta cushe, amma Kawu yana da ƙa'idarsa: ba ya cusa kai sai ya haɗa ido da direba ta madubi, direban ya fito da hannu ya yafito shi. Samari suna yi masa tsiya, wai jaki ya fi shi sauri. Sai ya ce, "Ya zol, bawan Allah, lori ba ta da ido, mai ita ad da ido." Ni kaina na sha ranƙwashi a kan wannan ƙa'ida.

Da babbar sallar bara ƙanena da ke karatu a Khartum ya nuna mana wata mota a wayarsa, tana tafiya ba kowa a kujerar direba, sitiyari yana juya kansa. Kowa yana ta mamaki, Kawu kuwa ya ɗaure fuska. Can ya ce, "To in na zo ratsawa, idon wa za ni nema? Ran da wagga ta iso nan, irinmu sun ƙare." Muka yi masa dariya.

Wannan motar marar direba ba ta iso nan ba. Ni na ingiza Kawu ranar da ya rasu. Bel ɗin injin ban-ruwana ya tsinke, kwana biyu albasa ba ruwa, har ta fara kwanciya. Na aike shi Sinnar ya sayo wani. Sau uku ina kiransa, a na ƙarshe na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba: "Kawu, in rana ta faɗi ba ka iso ba, na yi asarar shekara!" Ya ce, "Kwayyis, ba komi, ga ni nan tahe." Waɗanda suka gani sun ce bai tsaya neman madubi ba.

Kwana uku na zaman makoki ina ɗaga hannu ana fatiha, kunya ta hana ni shiga wurin matarsa, Inna Hajo. A na huɗu na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaya mata komai. Sannan ta turo mini wata leda ta ƙarƙashin labule, bel ɗin ne, an same shi cikin rigarsa.

"Tashi ka ba albasa ruwa," ta ce. "Kar shi zan ya mutu a banza."

Na ɗaura bel ɗin ina kuka.

Allah Ya jiƙan Kawu Sidi, Ya yalwata masa kabari, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Hajo haƙuri, Ya raya marayu huɗun da ya bari. Ni kuma Allah Ya yafe mini, amin.